Ranar da Baba Ya Leƙa Tantanin Albasa

Likitan ido bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwon Baba hawan jinin ido ne. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana rufewa daga gefe zuwa tsakiya, kamar mutum yana kallon duniya ta cikin bututu, bututun kuma yana ƙara tsukewa. Maganin ɗigawa zai rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi ko yaushe sauran zai rufe. Ya ce ba zai iya faɗa ba. Na sake tambayarsa ta wata hanya, don halina ke nan, ya sake ba ni amsar farko.

A lokacin muna zaune a Kudenda, a gidan haya bayan layin kamfanoni, ni da Baba da Mama. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na samu aikin koyar da ilimin halittu a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Narayi. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ya shiga yana saurayi, bai bar ta ba sai da aka rufe ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata.

Tun da muka dawo daga asibiti ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk abin da aka nuna masa sai ya ce, "Na gani." A miƙa masa hoton jika a waya, ya gani. A coci ya buɗe littafin waƙa ya riƙe, alhali da ka yake rerawa. Mu ma ba mu taɓa ƙure shi ba. Ina jin dukkanmu mun fi samun sauƙi a haka.

Wata rana da yamma ina duba aikin ɗalibaina a tsakar gida, ya jawo kujera kusa da ni. Ya ɗauki takarda ɗaya, ya kai ta daf da idonsa na dama, yana juya kai a hankali don zanen ya shiga cikin ɗan abin da ya rage masa na gani.

"Uwata, ɗakuna kike koya musu zanawa?"

Na ce a'a, ƙwayar halitta ce, wadda muke kira sel a aji. Na ce duk wani abu mai rai da irin waɗannan ƙananan ɗakuna aka gina shi, da shi kansa da bishiyar mangwaron da ke bayanmu. Sai dai na tsiro da na dabba ba iri ɗaya ba ne, na bakteriya kuma daban suke da duka biyun.

"Ke kin taɓa gani da idonki, ko dai a littafi ne?"

"Na gani, Baba. A madubin likita."

Ya ajiye takardar. "Kai. Da ni ma na gani."

Bai faɗe ta da nauyi ba, daga nan ma ya koma tambayar Mama ko tuwo ya kusa. Amma ni maganar ta zauna mini. Mutumin nan ne ya tsaya mini har na gama karatu, kuma bai taɓa ganin ko ɗigon abin da na karanta ba. In na jira sai abubuwa sun daidaita, watakila babu sauran idon da zai gani da shi.

Makarantarmu tana da madubin likita, na'urar nan da ke girmama abin da ido ba ya iya gani, guda biyu, tsofaffi, irin waɗanda ba sa amfani da wuta. Wani ɗan madubi ne a ƙasansu, ana karkata shi ya ɗebo hasken sama ya turo cikin na'urar. Na daɗe ina shirya yadda zan roƙi shugabar makaranta, har da amsoshin tambayoyin da ba ta yi mini ba. Da na gama bayani sai ta ce in ɗauka ranar Juma'a, in dawo da shi Litinin kafin yara su shiga aji.

"Amma fa, Malama, ki riƙe shi kamar jariri. Kin san ba mu da wani."

Na naɗe shi da zani, na sa a bokiti, na rungume bokitin a cinya cikin keke mai ƙafa uku tun daga Narayi. Duk ramin da muka faɗa sai na ji a ƙirjina. Wata mata a gefena ta tambaye ni ko ƙwai ne. Ina isa gida na kafa doka: kada kowa ya taɓa. Na faɗa wa Mama, na faɗa wa Baba, na sake faɗa masa da safe. Ya ce ya ji.

Asabar ta wuce cikin ruwa, sama a rufe, babu hasken kirki. Ranar Lahadi a coci ban ji rabin wa'azi ba, idona yana kan taga. Da muka taso rana ta ɗan fito, amma akwai hadari yana haɗuwa ta wajen Gonin Gora. Na fito da teburin cin abinci tsakar gida tun ban cire kayan coci ba.

Ina cikin goge gilasai sai ga Malam. Abokin Baba ne tun masaƙa, layin inji ɗaya suka yi. Tun da rikici ya sa mutanen gari suka rarrabu, wasu suka haye gadar kogi wasu suka dawo wannan gefen, shi yana can ƙetare. Amma bai daina zuwa ba, a kan tsohon babur ɗinsa. Ashe Baba ya yi masa waya.

"Injiniya!" in ji Malam tun daga ƙofa. "An ce yau za a nuna maka aljanu."

"Shigo, Sarkin Barci. Kai da inji ke yi wa waƙar reno, me ka sani?"

Na gaishe shi. Ban shirya wa baƙo ba. In abin bai yi ba, yanzu a gaban mutum zai ƙi.

Na karɓi albasa daga hannun Mama, na yanka, na ɓare ɓawo ɗaya mai kauri, na sa farce na ɗago tantanin nan na ciki wanda ya fi takarda sirantaka. Na shimfiɗa shi a kan gilashi, na ɗiga ruwa da ɗan maganin aidin don ya ba shi launi, na rufe da wani gilashin. Na cire tabarau ɗina, na leƙa, na karkata madubin ƙasa har haske ya cika, na murza 'yar tayar da ke gefe. Suka fito. Na gan su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma har yau in sun fito daga cikin farin nan sai numfashina ya ɗan tsaya.

Na ce, "Baba, za ka ga kamar bulo a jere. Kowane ɗaya yana da katanga, a ciki kuma akwai ɗan ɗigo mai duhu."

Ya tashi. Ya riga ya wanke hannu, ya cire hula kamar mai shiga coci. Na jawo na'urar zuwa bakin tebur don kada ya sunkuya da yawa. Ya haɗa hannayensa biyu a baya, ya sa idon dama. Ya daɗe.

"Na gani," in ji shi. "Bulo-bulo, kamar yadda kika ce. Kai, karatu ya yi."

Mama ta yi guɗa 'yar ƙarama. Malam ya ce a ba shi wuri shi ma. Na ce bari in duba tukuna ko bai goce ba. Na sa ido.

Baƙi ƙirin. Babu bulo, babu ko haske. Lokacin da na jawo na'urar, ashe madubin ƙasa ya juya ya kalli tebur. Duhu Baba ya tsaya yana kallo, kuma duhun ya yaba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Ina iya gyara madubin shiru, in ba Malam ya leƙa, a tashi kowa yana murna. Baba ya ba ni wannan hanyar da kansa, don kada 'yarsa ta ji kunya a gaban baƙo. Na kusa bin ta. Abin da ya hana ni shi ne gobe Litinin ce.

Na ɗago na ce, "Baba, laifina ne. Madubin ya juya. Ba komai a ciki."

Mama ta kalli ƙasa. Sai Malam ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Injiniya! Ashe kai ne ka ga aljanun! Bulo nawa ka ƙirga?"

"Rufe mini baki," in ji Baba, shi ma yana dariya, ko da yake ta ɗan fi ta Malam gajarta. "Yarinya ta sha wahala ta ɗauko abu tun daga Narayi, in ce mata me?"

Na gyara madubin, na tabbatar sun dawo, na matsa gefe. Ya sake sa ido, hannaye a baya.

"Yanzu fa?"

"Akwai haske." Ya ƙara matso da ido. "Fari ne kawai, Uwata. Kamar koko. Ba zan sake yi miki ƙarya ba."

Na murza tayar kaɗan. Yanzu fa? A'a. Na mayar baya. Yanzu fa? A'a. Ina jin ina wuce wurin ne kafin ya buɗe baki. Ko kuma, na ce a raina, mun makara, idon ya riga ya wuce wannan. Na kalli hadarin, ya matso. A jami'a an koya mana cewa kowane ido da saitinsa, kuma ni mai tabarau ce, na saita wa nawa idon. Na san wannan sarai. Amma tsoron kayan aro ya rufe mini kai, ban iya haɗa abin da na sani da abin da ke gabana ba.

Baba ne ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Uwata, in taɓa?"

Ya girme ni da shekarun da ba zan ƙirga ba, kuma yana neman izinina. Na kamo hannunsa daga baya, na ɗora yatsunsa a kan tayar. Na ce kada ya yi ƙasa da yawa, gilashin zai fashe. Ya ce to. Ya murza ta kaɗan ƙwarai, har ban ga ta motsa ba. Ya tsaya, ya dawo, ya sake.

Sai na ji ya ja numfashi ta baki.

Bai ce ya gani ba. Ya ce wani abu da yarenmu, kalmar da tsofaffi ke faɗa in sun ga ruwan farko ya sauko ko an haifi tagwaye, wadda rabon da in ji ta a bakinsa tun ina yarinya. Sannan ya koma Hausa.

"Ba bulo ba ne. Sun fi bulo tsawo. Kuma ba a jere suke daidai ba, wannan ya shiga tsakanin waɗancan biyu. Ga wani ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Uwata, wa ya yi wannan aikin? A cikin albasa? Albasar da uwarki ke jefawa a miya?"

Daga baya na yi ta tunanin abin. Ba ni da tabbas, kuma ban tambayi likita ba, amma ina jin mai gani ta bututu bai rasa komai ba a madubin likita, don shi ma bututu ne. A wannan ɗan da'irar haske, Baba yana gani kamar kowa.

Ya tambaye ni layukan da ke raba su. Na ce ita ce katangar. Kowace ƙwayar tsiro tana gina wa kanta katanga mai tauri a waje, kuma ta manne da ta maƙwabciyarta. Ɗigon ciki shi ne cibiya, inda umarnin yadda za a gina komai yake ajiye. Wurin da yake gani kamar fanko kuma ba fanko ba ne, jakar ruwa ce babba da ta kusa cika ɗakin. In ta cika sai ta tokare katangar ta ciki, ganye ya miƙe. In ruwan ya ragu sai ya yi yaushi.

Mama, wadda take tsaye da wuƙa a hannu tun ɗazu, ta ce, "Wato shi ya sa in na yayyafa wa alayyafo ruwa yake farfaɗowa?"

"Ina jin haka ne, Mama. In dai bai riga ya mutu ba."

"To ai ni ma likita ce ban sani ba."

Da ƙyar Baba ya ba Malam wuri. Malam ya murza, ya samu nasa saitin, ya yi tasbihi ya sake yi. Ya ɗago ya kalli sauran albasar da ke kan tebur kamar yau ya fara haɗuwa da ita.

Baba ya tambaya me ya sa babu kore, tunda na ce tsiro ne. Na ce albasa a ƙasa take kwance, ba ta ganin rana, ba ta bukatarsa. Na je gindin katangar gida inda damina ta sa gansakuka ta fito, na tsinko ɗan ganyenta da bai kai ƙwayar gero ba. Wannan ba a sa masa launi. Baba ya leƙa, ya saita da kansa, yanzu ba tare da ya tambaye ni ba.

"Waɗannan ɗakunan cike suke da wake. Kore shar."

Na ce su ne masu girki. Suna kama hasken rana, su haɗa da ruwa da iska, su yi sukari. Babu dabbar da ke da su, mu ma ba mu da su. Duk tuwon da ya taɓa ci, daga irin waɗannan ya faro. Har naman da ya ci, don saniya ciyawa ta ci. Na faɗi wannan a gaban allo sau da yawa, yara suna kwafa, ni ma ina faɗa kamar karatun haddar da ya daina nufin komai. A ranar, da na ga ƙeyar Baba a sunkuye, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Abin da muke kankarewa da tsintsiya a jikin katanga yana cin haske.

Malam ne ya ce a gwada auduga. Ban shirya wannan ba, kuma ba na son abin da ban shirya ba, amma Mama ta riga ta ɗauko wadda take goge wa Baba ido da ita. Na ja sili biyu-uku na sa a ruwa. Na ce, in ban manta ba, kowane sili ɗaya ƙwaya ɗaya ce tak, ta yi tsawo daga jikin irin, ta yi ta ƙara wa katangarta kauri, sannan abin cikin ya bushe ya bar katangar. Wato rigar da ke jikinsu katangun ƙwayoyin tsiro ne aka kaɗa aka saƙa.

Baba ya daɗe a kan wannan fiye da sauran.

"A murɗe take," ya ce. "Malam, zo ka gani. Ba zagaye ba ce, faffaɗa ce kamar ganyen kaba, kuma a murɗe. Tun daga gona ta zo da murɗinta."

Malam ya leƙa. "Wallahi kuwa. Ko shi ya sa take kama 'yar'uwarta in ana kaɗi?"

Suka juyo gare ni. Na ce watakila, yana da ma'ana, amma ban karanta wannan sosai ba. Ba su damu da amsata ba. Tsofaffi biyu da suka shaƙi ƙurar auduga tun suna samari suka yi ta karɓa-karɓa a bakin na'urar, suna ture juna da kafaɗa kamar yara a bakin famfo.

Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro. Na ce saura na dabba, kuma dabbar da ta fi kusa ita ce Baba.

"Ka ji ko? 'Yarka ma ta faɗa," in ji Malam.

Na ba Baba tsinken ashana mai tsabta, na ce ya goga bayansa a cikin kumatunsa, ba da ƙarfi ba. Na shafa abin da ya fito a gilashi, wanda ido ba ya ma ganinsa. Na tsarma jibi da ruwa, maganin nan shunayya da ake shafa wa miki, na ɗiga kaɗan. Na juya zuwa gilashin da ya fi ƙarfi, na nemo su, na ba shi.

"Ina katangar?"

"Babu, Baba."

"Waɗannan kamar an watsar da tsumma. Kowanne da kamarsa. Wannan ma gefensa ya naɗe." Ya ƙara murza tayar. "Ni ne wannan?"

"Kai ne."

Na ce namu ba su da katanga, ɗan tantani ne kawai mai laushi ya kewaye su. Cibiyar tana nan kamar ta albasa, ga ta a tsakiya, ta sha launi. Amma babu babbar jakar ruwa, babu masu girki. Rashin katangar ne ya sa muke iya lanƙwasa, tsoka ta ja ta saki, mu yi tafiya. Tsiro ya samu ƙarfin tsayuwa, amma inda ya tsiro nan zai zauna.

"Shi ya sa karan dawa ke tsayawa ba ƙashi," in ji Malam. "Kai kuwa in aka zare naka sai a kwashe ka a buhu."

Baba bai kula shi ba. "Akwai wasu ɗige-ɗige a jikinsu. Ƙanana ƙwarai. Wasu a jere kamar duwatsun wuya. Datti ne?"

Na karɓa na duba. Ban yi zaton za su fito a wannan tsohuwar na'urar ba, amma ga su nan, kamar an barbaɗa garin barkono a kan faranti. Na ce ina kyautata zaton bakteriya ne.

"Ƙwayoyin cuta? A bakina? Na yi asuwaki da safe!"

Malam ya riƙe ciki. Mama ta ce ita dai ta daɗe tana faɗa. Na yi ta rantsuwa cewa kowa yana da su, har likitan da ya fi kowa tsabta, kuma yawancinsu ba sa cutar da kowa. Danginsu ne ke sa madara ta zama nono. Na ce kowane ɗigo halitta ce cikakkiya, ita kaɗai, tana ci tana rabuwa biyu. Suna da katanga su ma, amma ba da kayan da tsiro ke gina tasa ba. Ba su da cibiya, umarninsu a sake yake cikin ɗakin. Na ƙara da cewa wannan na ƙarshe ba zan iya nuna masa ba, na'urar ba ta kai ba, ni ma a littafi na gani. Na ce akwai magungunan da katangar tasu kawai suke rushewa, shi ya sa suke kashe su su bar mu, tunda mu ba mu da abin rushewa.

Ya sake leƙawa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ɗan wannan a kan nawa kamar akuya a gindin dutse. Kuma shi ma rai ne da shi. Tun yaushe suke zaune a nan ban sani ba?"

Hasken ya fara raguwa. Na karkata madubin zuwa inda sama ta fi fari. Mama ta tafi kwashe shanya. Baba ya ɗago, ya goge ruwan da ya taru a idonsa da bayan hannu, ya nemi kujera da ƙafa ya zauna. Ya juya kai har fuskata ta shiga inda yake gani.

"Uwata, in tambaye ki. Rogo, in ka sare karansa ka binne, sai ya yi saiwa ya yi ganye, ya zama rogo sabo. Na yi da hannuna a gida. Wannan aikin ɗakunan nan ne?"

Na ce e. Ƙwayoyin tsiro da yawa suna iya komawa baya su fara daga farko, su zama saiwa ko ganye, duk wanda ake bukata.

"Namu fa?"

Na ce wasu suna sabuntawa. Fata tana yi, jini yana yi. Waɗanda ya goge daga kumatunsa ma wasu za su maye gurbinsu.

"Na ido fa?"

Malam ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Na san tun daga rogo inda tambayar za ta. Ina da kalmomin da nake fakewa da su, watakila, ana bincike, ba a sani ba tukuna, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ɗazu ya ce ba zai sake yi mini ƙarya ba.

Na ce, "Jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, iyakar sanina, ƙwayoyinta in sun mutu ba sa dawowa. Akwai masu neman hanya. Amma ban ji an samu ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ina jin ya riga ya sani. Likita ya faɗa a gabansa, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa maimaita ta da baki sai ranar. Ya ɗora hannayensa a kan gwiwa. Tsawa ta yi can nesa. Malam ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa.

Kafin wata daminar ta zagayo, bututun ya rufe. Yanzu da murya yake gane mu. Ba zan ce ya karɓi abin da sauƙi ba, akwai ranakun da ba ya son magana da kowa, kuma ban san abin da ke ransa ba balle in rubuta.

Amma a ranar, bayan na ba shi amsar nan, sai ya dafa tebur ya miƙe.

"To," ya ce. "Da sauran haske?"

Na kalli sama. "Kaɗan."

"Matsa mini. Akwai wani a can gefe mai cibiya babba, ban gama kallonsa ba."

Ya sa ido, ya kai hannu kan tayar. Ni da Malam muka koma gefe don kada mu tare masa sama. Yana nan a sunkuye har ɗigon farko ya faɗo a kan tebur.